Kwamfutar da Ta Sa Na Miƙa wa Surukina Hannun Hagu

Zuwa ga Yallaɓai Shugaban Sashen Kwamfuta na hukumarmu, wanda lambar sirrin kwamfutocinmu ke kwance a aljihunsa.

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali da sanyin ofishinka. Ka yi haƙuri da gajartar gaisuwar, kwamfutarka ce ta koya mini.

Sunana Lawali, ni ke yanka wa marasa lafiya kati a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Bukkuyum. Na rubuto maka ta ofis, shiru. Na kira waya, aka ce kana taro. Na aiko saƙo ta bakin direbanka, ya dawo ya ce ka ce ana dubawa. Shi ya sa na fito fili, ko wani da ya san ka zai karanta maka.

Na farko, ga ciwon. Kwamfutar da kuka kawo mana, in aka bar ta 'yan mintuna ba a taɓa ba, sai ta yi barci. Barci ba laifi ba ne, ni ma ina yi. Amma ni in an taɓa ni ina tashi. Ita kuwa fitilarta na kunne, fankarta na huci, fuska baƙi ƙirin. Wani lokaci fuskar ta dawo, sai kibiyar ta ƙame wuri guda. Dole in danne maɓallin kunnawa har ta mutu, in sake tayar da ita, duk abin da na rubuta ya tafi. Sai in koma in sake tambayar tsohuwa sunanta da garinsu da shekarunta, shekarun kuwa kowace tambaya sai sun canza.

Na biyu, kada ka ce ban yi ƙoƙari ba. Na zare wayar firinta na mayar. Na cire batir, na hure, na sa. Na canza maus, abin motsa kibiyar nan. Na ɗora ta kan bulo don ta sha iska. Wani dattijo daga Duza ya ga wahalata ya yi mata tofi, ban hana shi ba, don a lokacin ko jiƙo aka kawo zan ba ta. Daga baya wani mai gyara daga Gummi ya kawo innarsa awon jini, na roƙe shi ya duba. Ya ɗan latsa ya ce, "Wagga ba ta da ciwon komi. A hana ta kwana kawai, a sabunta direba, manhajar da ka tuƙa huskarta. Kawo lambar sirri." Na ce tana wurin Yallaɓai. Ya ce, "To Allah shi ba ka haƙuri," ya kama hannun innarsa suka wuce. Wurin saitin barcin kun kulle shi, wai kada mu ɓata kayan hukuma. Kayan hukuma ga su nan lafiya lau suna barci, mu ne muke ɓaci.

Na uku, kuma nan ne nake so ka buɗe kunne. Wanda ya yanka wa kwamfutar nan lokacin barcinta bai taɓa gaisawa da mutumin ƙasarmu ba. A nan dattijo ba ya shigowa ya ce a ba shi kati. Sai ya tambayi kwana, da gajiya, da iyali, da ruwa, da gero, da shanu, da hanya, ni ma in tambaye shi nasa, hannuwana biyu a sake. Kafin mu kai kan shanu ta yi barci. Don haka na koyi wata mummunar ɗabi'a: baki na gaisuwa, hannun dama na kan tebur yana motsa maus kada ta kwanta. Mutane sun lura. Ni da aka sani da ladabi tun ina makarantar allo, yanzu a kasuwa ana cewa aikin gwamnati ya hau mini ka.

Na huɗu. Matata Luba ta yi haihuwar fari, tana wankan gida wurin iyayenta a Gwashi. Lokacin dawowarta ya gabato, ranar kuwa a bakin mahaifinta take. Kwanakin baya sai ga shi ya shigo asibitin, ba don ciwo ba, ya zo kasuwa ne ya ce bari ya ga wurin aikina. Layi ya kai ƙofa, ina tsakiyar rubuta katin wata mata da yaronta ke ta amai. Na zame daga kujera na durƙusa, kamar yadda ya kamata. Amma hannun daman nan, da ya riga ya saba, ya tsaya can sama kan tebur yana aikinsa. Dattijo ya miƙo mini hannu, girmamawar da bai taɓa yi mini ba tun da na auri 'yarsa. Yallaɓai, hagu na miƙa masa. A durƙushe, a gaban jama'a. Ya dubi hannun, ya dubi wanda ke kan tebur, ya mayar da nasa cikin riga ya fita. Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige.

Saƙonsa ya iso ta bakin Inna, surukata. Ya ce, "Na ishe shi shina lallashin injin, ni ko ya ba ni hauni. Shi zamna da injin nai hal shi yaye shi, sannan mu yi zancen ɗiyata." Na aika kawuna ya ba da haƙuri, ya yi bayanin barcin kwamfuta iyakar iyawarsa. Dattijo ya ce shi bai taɓa jin ƙarfen da ke kwana ba, in ƙarya za a yi masa a nemo mai kyau.

Saboda haka ga roƙona. Ka zo, ko ka aiko wani, a buɗe saitin nan a hana ta barci, a sabunta abin da mai gyara ya ce. Aiki ne da ba zai kai tsawon shan shayi ba. In lambar sirrin ta fi ƙarfin a faɗa wa irina, ka shigar da ita da kanka, zan juya baya in rufe ido. In kuma ka manta ta ne, ka faɗa, ba za mu yi dariya sosai ba.

Roƙo na ƙarshe shi ya fi mini duka. Ka shirya mu je Gwashi tare, da babbar riga da motar ofis, ka durƙusa kusa da ni ka shaida wa surukina cewa ƙarfe na kwana, kuma kai ka kwantar da shi. Maganata ba ta da nauyi a zauren nan yanzu, wataƙila taka ta yi.

Kafin nan, ka sani na daina. Duk dattijon da ya shigo zan saki komai in gaishe shi da hannu biyu, ta mutu in ta ga dama, layi ya jira. An ce mini 'yata ta fara dariya in an yi mata wasa. Duk dangi sun gani, har maƙwabta. Ni ban gani ba, kuma abin yana ci mini rai fiye da yadda wasiƙar nan ta nuna.

Allah ya ƙara maka girma, ya ba ka surukai masu haƙuri, ya sa duk lokacin da ka kwanta ka tashi lafiya.

Wassalam.

Naka mai jiran amsa,
Lawali, teburin kati.