Layi Uku a Kan Kowace Guduma

Zuwa ga mahaifina, Malam Habu Kafinta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ta kamaci ɗa ga mahaifinsa, ina fatan Allah ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Na san takarda ba ta isa inda kake. Amma aikin da na gama kwanan nan naka ne, kai ka fara shi tun ban san damana da haguna ba, don haka ya kamata a ba ka rahoto.

Fiyanon Malam Sule ne, na Gwaram. Abokinka, tsohon hedimasta, wanda ya saye shi a gwanjo lokacin da makarantarsu ta fitar da tsofaffin kaya, kai kuma ka raka shi a bayan a-kori-kura kana riƙe da igiya har gida. Fiyanon yana nan a ɗakin da ka bar shi, jingine da bango. Malam ma yana nan da ƙarfinsa, sai dai kunne. 'Yarsa Rabi ce ta kira ni farkon damina. Ta ce likita ya gaya musu jin Malam tafiya yake yi, kuma ba mai dawowa ba ne. Na hagu ya riga ya mutu, na dama saura kaɗan. Ta ce ba ya roƙon komai sai a gyara masa muryar abin nan, ya ji shi yadda yake a hannunka, kafin kunnen ya ƙarasa.

Na rufe shagon gyaran keken ɗinki, na ɗaure akwatinka a bayan babur, na tafi. Saitin wayoyi bai ba ni wahala ba. Gudumomin ne suka tsufa.

Kai ba ka bukatar bayani, amma akwai masu leƙen wasiƙar nan da ba su taɓa ganin cikin fiyano ba. Kowane madanni idan an danna shi, wata 'yar guduma ce mai kan ulu take tashi ta bugi waya uku a lokaci guda, in ban da na can ɓangaren hagu. In ta riga taɓa ɗaya kafin sauran biyun, sai muryar ta fito a karkace, kamar mutum uku suna amsa sallama ba a tare ba. Ido ba ya ganin wannan bambanci. Dole sai an sa wani abu da zai bar shaida a kan ulun.

Kai takardar kabon kake sawa. Ina tuna yadda kake yanka ta siri-siri da reza, ka zura tsakanin waya da guduma, ka danna madanni, ka zaro, ka sunkuya ka duba. Layi uku baƙaƙe, in komai daidai ne. In ɗaya ya dushe, ka ɗauki samfefa ka rage inda ya yi tudu, ka sake gwadawa. Sai bayan haka kake tsattsaga ulun da allura don muryar ta yi laushi. “Kada ka taɓa allura sai layi uku sun fito,” haka kake cewa, ba ka ma ɗago kai.

Na buɗe akwatinka na tarar da ragowar kabon ɗinka ya bushe. Ina taɓa shi ya rugurguje a hannuna.

Na ce ai abu mai sauƙi ne, gobe in saya. Baba, babu kabon a Birnin Kudu. Masu tafireta da ka sani a gindin bishiya kusa da kotu duk sun watse, shagunan kwamfuta ne a wurin. Na samu Ɗanliti, wanda yake buga maka takardun kwangila, yanzu katin waya yake sayarwa. Da na gaya masa abin da nake nema, dariya ya yi har da buga cinya. Ya ce, “Nasiru, ka ce in haɗa maka da anini da sisin kwabo mana, tunda kayan tarihi kake tarawa.” Masu sayar da littattafai kuwa wasu ba su ma san abin da nake nufi ba. Wani direba ya yi alkawarin kawo mini daga Kano, ya kawo wani shuɗi mai maiƙo. Na gwada a kan tsohuwar guduma a shago, ya bar tabon da ba ya fita.

Na gwada alli. Fari a kan fari, ba a ganin komai. Na gwada baƙin tukunya, shi ma maiƙo ne. Bular wanki na ji tsoronta, don da danshin damina tana iya sa waya tsatsa. Ana cikin haka Rabi tana kira. Ba ta matsa mini, gaisuwa kawai take yi, sai a ƙarshe ta ce yanzu sai ta matso daf da shi yake jin ta.

Sai na tuna da tawadar allo. Baƙa ce wuluk, kuma tana wankuwa da ruwa, tun muna yara mun san haka. Na karɓo a wurin alaramman unguwarmu, na shafa siri-siri a kan wayoyin tsakiya, inda aka fi bugawa, na bari ta bushe, na danna. Layuka suka fito tar, har sun fi na kabon kyau. Na yi ta aiki ina jin daɗi, na dawo gida ina ganin na gano abin da kai ma ba ka gano ba.

Na manta da ƙaro. Duk wanda ya taɓa dafa tawada ya san da ƙaro ake haɗa ta don ta kama allo. Aka kwana ana ruwa, danshi ya narkar da shi, ulu ya shanye, rana ta fito ya daskare. Da na koma, kan gudumomin nan ya yi tauri kamar busasshen ƙanzo. Kafin in iso ma Malam ya riga ya zauna ya gwada. Rabi ta ce ya danna kaɗan, ya yamutsa fuska, ya rufe murfin madannai a hankali. Da na shigo bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi, “Ɗan Habu, ko dai kunnen nawa ne? Ji nake kamar ana buga tasa.” Na ce ba kunnensa ba ne, aikina ne. Ban tabbata ya ji ba.

Cire wannan ƙaro ya ci mini lokaci. Kowace guduma sai na kankare samanta da samfefa a hankali, kada in ci ulun da yawa, ga shi kuma har yanzu ba ni da abin sa shaida. Raina ya ɓaci ƙwarai a kwanakin nan, ba zan ɓoye maka ba.

Wata ranar Juma'a na biya Yalwan Damai gaida Gwaggo Asabe. Ƙanwarka tana nan yadda ka santa, bakin nan bai tsufa ba. Na same ta a tsakar gida tana niƙa kwalli a kan ɗan dutse, za ta cika tandu. Ta tambaye ni abin da ya rame ni, na gaya mata. Ta ce, “Kai da ubanka dai Allah ya shirya. Mutane na gona, ku kuna neman abin da za ku shafa wa akwatin kiɗa.” Tana magana ina kallon babban yatsanta. Kwallin ya zana mata layin fata ɗaya bayan ɗaya, ta hure, ya tashi, ta goge a zane, babu saura. Busasshe ne, ba maiƙo, ba ƙaro. Na ce ta sam mini. Ta ce in dai ba matata zan kai wa ba, to asara ce, amma ta ƙulle mini a leda.

Na gwada a shago tukuna, wannan karon na yi hankali. Na dangwala da auduga, na shafa wa waya, na buga tsohuwar guduma, na bar ta ta kwana a bakin taga ana yayyafi. Da safe na sa buroshi, ya fita fes, ulun yana nan da laushinsa.

Daga nan aiki ya tafi yadda ka koya mini. In shafa, in danna, in duba, in rage, in sake. Wata gudumar sau ɗaya ta ba ni layi uku, wata sai da ta ja mini rai. Malam yana zaune a kujerarsa ta roba a bayana, carbi a hannu, yana kallo. Da can yakan yi mini hirar yadda kuke faɗa a kan kuɗin mota, kowa na cewa shi zai biya. Yanzu hirar ta ragu, don in na ba shi amsa ba ya kamawa, shi kuma ba ya son a ga yana cewa a maimaita. Da layuka suka kammala na ɗauki allura. Muryar ta sauko, ta yi zagaye, ta daina cizo. Ni dai a kunnena ta yi.

Bayan la'asar na gama. Ban mayar da allon da ke rufe gaban fiyanon ba, gudumomin suna waje, na ce ya zo ya gwada. Ya gyara zaman hularsa, ya zauna, ya ɗora yatsu. Hannun bai manta ba, Baba. Ya buga wani abu mai sanyi da na san na taɓa ji ina ƙarami, ina zaune a kan akwatinka. Rabi ta fito daga kicin ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu.

Bai yi nisa ba ya tsaya. Ya juyo da kunnen dama, ya kusa manna shi da katako, ya danna madanni ɗaya da ƙarfi. Ya sake dannawa. Sannan ya dube ni ya ce, “Yana fita?” Na gyaɗa kai. Ya ce, “Kamar na Habu?”

Na sake gyaɗa kai, amma gaskiyar ita ce ban sani ba. Kai ka tafi, shi kunnensa ya tafi, ni kuma yaro ne lokacin da na ji naka. Babu wanda ya rage da zai faɗa. Abin da na sani shi ne, sauti na ƙarshe da ya ji daga fiyanonsa shi ne na tasa, wanda na yi masa da tawada. Wannan yana damuna, kuma ina jin zai daɗe yana damuna.

Sai Malam ya ce in haska masa cikin fiyanon. Na kunna fitilar waya. Ya sa tabarau, ya sunkuya, ya bi gudumomin da yatsa tun daga tsakiya har ƙarshen dama, bai tsallake ko ɗaya ba. Ya sha zama a bayanka kana aiki, ya san abin da layi uku suke nufi. Da ya kai ta ƙarshe ya miƙe ya ce, “To, alhamdu lillahi. Daidai yake.”

Na ɗauko buroshi zan share kwallin in rufe. Ya riƙe mini wuyan hannu. “Bar su,” ya ce. “Allon ma kada ka mayar.”

Na san kai ba ka barin aiki a buɗe, ba ka barin datti a kan ulu. Na bari. Allon gaba yana jingine a bayan ƙofa. Rabi ta ce kullum da hantsi yakan zauna ya buga, idonsa a kan gudumomin suna tashi suna komawa, kowace da layinta uku. Ta ce maƙwabta har sun fara tsayawa a bakin taga. Shi ba ya sanin suna nan sai ta taɓa shi ta nuna masa.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya yalwata maka kabarinka, ya sa hannuwan nan da suka yi ta gyaran kayan mutane su zama shaida gare ka. Allah ya bar wa Malam Sule idonsa har ƙarshen kwanansa. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.

Ɗanka,
Nasiru
Birnin Kudu