Na Ceci Shagon Fitilunmu, Yayana Ya Daina Shigowa

Assalamu alaikum Malama Zaituna. Don Allah ki taimaka mini da shawara, domin ga ni cikin nasara amma zuciyata ta ƙi sakewa.

Ni da yayana Maharazu muna haɗa fitila mai caji a shagon da mahaifinmu ya bar mana a Mandawari, shekara goma sha ɗaya ke nan. Shi ya koya mini aikin. Zan faɗa miki gaskiya ko da kunya: duk zamanin soja, sitikar ƙasar waje muke manna wa fitilunmu, mu naɗe su a leda, mu tokare da farin soson nan mai ɓarɓashi. Yaya yakan ce Bakano ba ya sayen abin da aka yi a bayan gidansu.

To, bayan soja sun koma bariki, hukumar duba ingancin kaya ta aiko mana da takarda. Wai duk mai haɗa kayan lantarki ya rubuta sunansa da adireshinsa na gaskiya a jikin kaya, ya gargaɗi mai saye cewa batirin yana da dalma da ruwan guba, kada a jefa a bola, kuma a daina soso da leda. Wata shida suka bayar. Yaya ya karanta ya yi dariya, ya ce masu bindiga ma sun yi dokokinsu sun wuce, balle masu babbar riga.

Ni ban yi dariya ba. A daminar da ta gabata, sosonmu ne ya toshe kwatar lungu, ruwa ya koma gidan maƙwabciyarmu Hajiya Asibi, katangar ɗakinta ta zube. Na ga idon tsohuwar lokacin da ake zaro farin abin nan daga kwata. Har yau ina ganinsa.

Na yi wa Yaya magana sau uku, ya ce in bar zancen. Da ya tafi Ikko saro kayan aiki, tafiyar mako uku, sai na yi abin da na yi. Matata Mabruka ce ta kawo dabarar: kwali mai kauri, a tokare fitila da yankakkiyar tsohuwar jarida. Muka gwada, muka saki kwalin daga saman soro, gilashin ko tsagewa bai yi ba. Ita ta tsara rubutun, da boko da ajami saboda tsofaffi: an haɗa a Mandawari, Kano, idan batir ya mutu a dawo mana da shi. Na je na yi rajista. Aka ce a sa sunan mai shago, Yaya ba ya nan, na sa nawa. Sunana ne kuma ya fito a sitika.

Malama, Allah ya yi ikonsa. Da wa'adi ya cika ma'aikatan suka zo da gaske, suka garƙame shaguna huɗu irin namu. Da suka shigo wurinmu babbansu ya juya kwalin, ya karanta ajamin da ƙarfi, ya miƙo mini hannu. Abin da muke tsoro kuma sai ya zama alheri. Tunda adireshi na jiki, mutane suka gane fitilar da za a iya dawowa da ita gyara ce. Daga Dala, daga Ƙofar Kabuga, har daga ƙauyuka ana sallama. Wani dattijo ya ce shekara uku yana amfani da ita yana yabon mutanen waje, ashe 'ya'yan Malam Sani mai rediyo ne. Wallahi sai da na yi ƙwalla. Yanzu an gayyace ni baje koli za a ba ni takardar yabo.

Amma ran da Yaya ya dawo, ya ɗauki kwali ɗaya ya daɗe yana dubawa, abin da ya ce kawai shi ne, ashe shago ya yi sabon maigida. Tun ranar bai sake takowa ba. Yana amsa gaisuwata, shi ke nan. Wani lokaci in ji haushi, in ce ai da na bi tasa da yanzu kwaɗo ne a ƙofarmu. Wani lokaci in kalli kujerarsa in kasa aiki. In je in karɓi takardar, ko in ƙi? Laifina ne?

Naki, Mai Fitila, Mandawari.

Amsa

Wa alaikumus salam, Mai Fitila. Da farko barka, kuma ka isar mini da jinjina ga Mabruka. Ka bar sitikar ƙarya, ka tsare lungunku, ka ci halalinka da sunan garinku. Wannan nasara ce ta gaske, kada ka bari damuwa ta dushe ta, kuma kada ka koma wa soso don faranta ran kowa.

Sai dai ka yi daidai a kan kaya, ka yi kuskure a kan mutum. Yayanka bai yi gaskiya ba da ya raina doka, amma tsoronsa ba na banza ba ne: shekara da shekaru yana ganin yadda muke wulaƙanta abin gida, kuma bakunan iyali biyu yake dubawa. Ina kyautata zaton ba kwalin ne ya ƙona masa rai ba. Ya tafi yi wa shago hidima, ya dawo ya tarar an share sunansa daga gadon ubansa. Ko kai ne, za ka ji.

Ga abin yi. Kafin ka je wurinsa, ka koma hukuma a gyara rajista, ta ɗauki sunanku biyu ko na mahaifinku, a sake buga sitika. Sannan ka ɗauki sabon kwali ɗaya ka same shi a gida, kai kaɗai. Ka ba shi haƙuri kan yin abu a bayan idonsa, ka tsaya nan. Kada ka kawo zancen shagunan da aka rufe, ya sani, ba sai an tuna masa ba. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle yayanka. In ya cije, ka nemi dattijon da yake jin nauyinsa.

Baje koli kuwa, kada ka ƙi zuwa. Ka roƙe shi ya karɓi takardar a matsayinsa na babba, kai ka yi bayani, ka kuma faɗi wadda ta yi dabarar. In ya ƙi, ka je ka ambace shi a gaban jama'a, labari zai riga ka isa gida. Katangar Hajiya Asibi ma, in ba ku tayar ba, ku tayar tare.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya ƙara kasuwa, ya jiƙan Malam Sani.