Ku Daina Kiran Nuhu Injiniya

Ƙanena Sani,

Assalamu alaikum. Yaya iyali, yaya jikin Hajiya? Yau Talata, ƙafafuna sun kumbura, ko masallaci ban je ba.

Raina a ɓace yake. Ɗanka Nuhu ya samu aikin tafinta a nan Jidda, ka hana shi, wai gida an saba kiransa Injiniya. Abokin karatunsa ɗan ƙasar Sin ya bar injiniyanci, ya koyi Larabci, yana aikinsa. Abokin nan nasa ya ce mini, "Baba, iyayena ba su ɗaure ni da suna ba."

Iƙamar Nuhu, wato takardar zamansa a nan, ta kusa ƙarewa. Sunan ne zai sabunta ta? Ka sake shi, halas, magana ta ƙare.

Gaida kowa, a sa ni a addu'a. Nuhu ya ce zai zo yau. Shayinsa ya huce, bai zo ba.

Yayanka,
Idi