Farin Yadin da Kika Ajiye wa Baba

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Inna, ina gaishe ki a makwancinki, gaisuwar 'ya ga uwarta, da fatan Allah Ya sa kina cikin rahama. Falmata ce, 'yarki ta fari, mai taurin kan nan. Na san ko da kina raye ba ki karanta boko, balle yanzu. Jikokinki ne suka matsa in rubuta, ni kuma ke nake son gaya wa, su sai su leƙo ta bayana.

Maganar Baba ce. Kin rasu da tambaya ɗaya a bakinki: an binne shi, ko a fili aka bar shi? Na samo amsa, amma sai kin yi haƙuri na biyo ta inda na biyo.

Kin tuna gidanmu na Dala a Maiduguri tun kafin a ba ƙasa 'yanci, lokacin Baba yana ɗinki a ƙarƙashin dogon yaro, maƙwabta Barebari na kiransa Sani Afuno, wato Bahaushe, don iyayensa Kanawa ne. Ɗinkin bai taɓa ciyar da mu sosai ba. Abin da aka san shi da shi daban ne. Duk wanda ya rasu a unguwa, shi ne zai ɗinka likkafani, shi ne zai sauka cikin kabari ya karɓi mamacin ya gyara masa kwanciya. Ya dawo da ƙasa har gwiwa, ke kuma kina masifa kina zuba masa ruwa a buta. Abin da yake ce miki kullum shi ne, “Ku bar ni, wata rana ni ma wani zai yi mini.”

Da ya shiga soja ba ki yi masa magana ba har ya tafi. Ina ƙarama amma na lura. Yana zuwa hutu da kaki mai sitaci, ya kawo mana sukari da sabulu, washegari in an yi rasuwa ya tuɓe kakin ya bi makara. Zuwansa na ƙarshe yaƙin basasa ya riga ya ɓarke. Muka raka shi tashar jirgin ƙasa, kina goye da ƙanena Habu. Ba ki yi kuka ba. Goro kika cusa masa a aljihu, kika ce ya rage shiga abin da ba ruwansa.

Sai ranar da sojoji biyu suka yi sallama ɗauke da adakarsa. Suka ce ya rasu a kurmi. Kika tambaye su ina gawar, suka dubi juna, suka ce ba a ƙungiyarsu yake ba. Tun kafin ki zauna takaba kika aiki Ya Kaltum maƙwabciyarmu Kasuwar Litinin ta sayo farin alawayyo, kika ce in an kawo shi kada a same ki ba shiri. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, aka yi ta arba'in. Ba a kawo kowa ba.

Inna, yadin nan ya fi mu sanin hannunki. Duk ƙarshen damina ki fito da shi ki shanya a igiya ya sha iska, ki turara shi, ki ninke, ki mayar adaka. Da Habu ya ce a ba wani mabuƙaci, kin kusa cinye shi ɗanye. Kuma ba ki ƙara bi ta hanyar mayanka ba. Ina tare da ke ranar da kika ga ungulaye sun taru a kan mushen jaki, kika tsaya kina jifansu kina haki, mutane na kallo. A hanya kika ce, “Mutumin da ya rufe kowa.” Ba ki ƙarasa ba, ni ma ban tambaya ba. Daga ranar na san abin da kike gani in kin rufe ido.

Da Allah Ya karɓi ranki, ni da mata masu wanka muka buɗe adakar. Yadin ya yi ja-ja a bakin ninki, ƙamshin turarenki ya kama shi. Na ce da shi za a yi miki sutura. Bai isa ba sai da aka ƙaro, amma shi ne ya fara taɓa jikinki.

Bayan nan na shiga nema, da haushi ma na fara. Na je inda tsofaffin sojoji ke taruwa karɓar fansho. Ashe a soja ba a san Sani Afuno ba, da sunan gari ake kiran mutum, kuma Sani Maiduguri sun fi a ƙirga. Wannan ya ce nasa dogo ne, wancan ya ce nasa yana da tsage, wani ya ce nasa yana nan da rai yana sayar da kifi a Baga. Na yi ta zarya har takalmina ya san hanya. Da na gaji sai na daina tambayar suna. Na ce ina neman sojan da ba ya iya wuce gawa. Wani tsoho mai hannu ɗaya ya ɗago kai ya ce, “Mai Sutura kike nufi. Je ki Bolori ki nemi Bitrus.”

Bolori, Inna. Nan Bolori da muke zuwa biki a ƙafa.

Baba Bitrus mutumin wajen Biu ne, Kirista, ya yi gadi har ƙarfinsa ya ƙare, idonsa ɗaya ya mutu. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ni 'yar Mai Sutura ce. Sai ya sa jikarsa ta shimfiɗa mini tabarma, ya yi ta magana har rana ta karkata.

Ya ce a fagen fama Baba bai sake hali ba. In an tsagaita wuta, wasu na neman abinci, shi yana neman inda zai haƙa. Ya sha gwale-gwale a hannun hafsoshi saboda ɓata lokaci, bai daina ba. Bai tsaya kan namu kaɗai ba, har yaran ɗaya ɓangaren yake rufewa, wasunsu ko gemu ba su fara ba. In Kirista ne sai ya kira Bitrus ya yi masa addu'arsu. A nan suka ƙulla alkawari, duk wanda ya riga tafiya ɗayan zai binne shi yadda addininsa ya ce. Baba ya koya masa: a kwantar da shi ta gefen dama, fuskarsa ta dubi gabas.

Ki daure, Inna, ba zan ɓoye miki ba. Harsashi ne ya sami Baba a ciki, suna ja da baya kusa da wani rafi, cikin tsakiyar damina. Bai mutu nan take ba. Ya sha wuya, yana neman ruwa yana kalmar shahada. Sauran suka wuce, Bitrus ya tsaya. Da hular ƙarfe ya yi haƙan, yana haƙa ruwa na cikowa. Ba wanka, ba salla, ba farin yadi, cikin bargon soja ya naɗe shi. Da ya zo kwantar da shi sai ya ɗaga kai neman rana. An yi kwanaki ba a gan ta ba, itatuwa sun rufe sama, hadari ya rufe itatuwa. Bai san ina ne gabas ba. Ya zaɓi wani gefe ya juya shi, ya tura ƙasa, ya bi sawun 'yan'uwansa.

Ga abin da ya ƙona mini rai. Bayan yaƙi Bitrus ya zo har Dala da niyyar gaya miki. Ta kan katanga ya hango farin yadi a igiya, ya tambayi wata mata, ta ce likkafanin mai gidan ne, matarsa na jiran a kawo shi. Ya ce kasa shiga ya yi. Da wane baki zai ce wa wannan mata ya naɗe mijinta a bargo, wataƙila ma ya juya masa baya ga alƙibla? Ya koma. Ya zauna a gari ɗaya da ke har kika tsufa kika mutu.

Wallahi na so in zage shi. Shekarun da kika yi kina jifan ungulu, kalma ɗaya ta ishe ki, kuma tana nan Bolori a bakin wani. Amma na dubi tsohon nan yana tambayata, “'Yata, in na juya shi ba daidai ba, Allah zai karɓe shi?” Ashe shi ma bai huta ba. Na ce masa wanda Ya yi gabas ɗin ai Ya ga hadarin ranar. Ban sani ba ko ya yarda. Ban ce na yafe masa a madadinki ba, wannan ba hurumina ba ne.

Na roƙe shi kwatancen wurin. Bai san sunan rafin ba, bai san sunan ƙauyen ba. Ba za mu taɓa tsayawa a kan kabarin Baba ba, ni da Habu mun haƙura da wannan.

To ga amsarki, Innata. An binne shi. Ungulu ba ta taɓa shi ba. Wani ya sauka cikin ramin ya gyara masa kwanciya, kamar yadda ya ce miki za a yi. Na makara da kawo miki labarin, kuma wannan yana mini ciwo kullum. Abin da ke ɗan sanyaya mini zuciya shi ne yadin bai tafi a banza ba, yana jikinki.

Allah Ya jiƙan ki, Ya jiƙan Baba duk inda fuskarsa ta duba. Ya jiƙan yaran da ya rufe, da waɗanda ba su sami mai rufe su ba. Ya sassauta wa tsohon nan na Bolori. Ya haɗa ku a inda ba a jiran kowa, amin.

In kun haɗu, ki ba shi likkafaninsa.

Taki har kullum,
Falmata