Ranar Da Baba Ya Kori Tsuntsaye

Soundview, Bronx
Mayu, 2015

Zuwa ga Yaya Mahamudu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da duk mutanen gida a Tamale. Allah Ya ƙara lafiya, Ya ba mu damina mai albarka. Mu nan lafiya lau, ƙafar Baba ma ta yi sauƙi. Amma hankalina ba a kwance yake ba, shi ya sa na kasa jira.

Ka ce za ka ba Kwabena fadamar Baba ya noma, tunda Baba ya zauna a wurina ke nan. Don Allah ka dakata. Tun da sanyi ya shigo Baba ya daina hira. Daga taga sai kujera, daga kujera sai taga. In na tambaye shi, sai ya ce ba komai. Ni kuma da ɗokin ganinsa kusa da ni, na yarda.

Ran Asabar na kai yaran da nake koya wa Hausa Jamaica Bay, wata fadama a bakin teku da aka keɓe wa tsuntsaye, na lallashi Baba ya bi mu. Tun a jirgin ƙasa nake ja wa yaran kunne cewa a can ba a ɗaga murya. Baba kaɗai ban yi wa gargaɗi ba, don wa zai ce mutumin da ya yi wata da watanni shiru zai yi surutu? Muka bi hanyar ƙafa, ga ƙanshin gishiri da taɓo, ga zalɓe tsaye cikin ruwa, ga mutane jere da madubin hangen nesa, ko tari ba mai yi.

Sai wani garken ƙananan tsuntsaye ya sauko kan ciyawa, ciyawar kuwa sak shinkafa kafin ta fitar da kai. Yaya, kafin in juya, Baba ya yar da sandarsa, ya tafa hannu, ya kwarara irin ihun da yake korar tsuntsayen nan jan-baki da shi a gona. Tsuntsaye suka watse, har zalɓen. Hali zanen dutse! Na rasa inda zan sa fuskata. Wata tsohuwa mai kyamara ta harare mu, na yi ta ba da haƙuri, yara kuwa suna ta faɗuwa don dariya. Ɗaya daga cikinsu, Nadia, wadda kullum da Turanci take amsa mini, ta roƙe shi da Hausa ya koya mata ihun. Ya yi dariya har da hawaye.

A hanyar dawowa ya yi ta kallon ruwa ta taga. Can ya tambaye ni, a hankali, wa zai tsare masa shinkafa bana. Tun daga nan na kasa zama wuri ɗaya. Na kawo shi ne don ya huta, ashe hutun ne ciwonsa.

Saboda haka ka ba Kwabena haƙuri. Ka sa a gyara ɗakin Baba, a nemo iri. Zan rako shi da kaina kafin a gama shuka, ko da zan dawo gidan nan in tarar da kujerar bakin taga ba kowa.

Ka gaida Inna Adjara, da Kawu Sumani, da matarka Adisa da yara. Baba ya ce a duba masa fartanyarsa, kada a ba kowa aro.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Rafia