Sunana Cikin Na'urar Othman

Asabar, 6 ga Fabrairu, 1999
Kaset ya zo daga Kano ta hannun wani mai umara. Kowa ya yi magana, har 'yan jikoki, ban da Inna. Yaya Rilwanu ya ce wai tana ɗan jin jiki. "Ɗan" ɗin nan ban yarda da shi ba. Gidanmu babu waya. Ya karanto wani adireshin kwamfuta na ofishinsu, wai in aika saƙo ta nan.

Talata, 9
Othman, haifaffen unguwar Ammariyya, yana aiki a sabon shagon intanet na unguwar Aziziyya. Ya ce, "Yalla ya Zaharadden, minti ɗaya saƙonka yana Kano."
Ni za a yi wa wayo? Na karanta a tsohuwar mujalla, sojan Amurka ne suka ƙirƙiro abin, sannan suka jona Ingila da Norway. Soja ya taɓa kyauta? Kuma shi Othman da bakinsa ya ce duk layin ƙasar nan ta ƙofa ɗaya yake fita, a Riyad. Ni ko iƙama, takardar izinin zama, ba ni da ita. In rubuta sunana, in miƙa wuyana kenan.

Alhamis, 11
Na sake jin kaset ɗin. Akwai tari a bayan murya. Nata ne?

Litinin, 15
Na aika. Na sa Abdulmohsen a matsayin suna. Othman har da riƙe ciki don dariya. Ɗan banza.

Alhamis, 18
Amsa ta zo daga Yaya Rilwanu: "Ban san Abdulmohsen ba. Ba ma faɗa wa baƙo lafiyar uwarmu."
Na zage shi tas a gaban mutane. Othman ya ce, "Wallah jininku ɗaya." Ban kula shi ba.

Lahadi, 21
Halas, shi ke nan. Na rubuta Zaharadden, cikakke, har da Nuzla, unguwar da nake zaune. Na ƙara "Na-Gwaggo", sunan da Inna kaɗai ke kirana da shi. Duk mai karantawa a Riyad, ya sha karatu lafiya.

Talata, 23
Tana nan da rai. Ƙirji ne, ta fara shan kunu. Wai in daina faɗa da mutane, kuma ina cin abinci?
Babu wanda ya zo kama ni. Tukuna. Har yanzu ban yarda da na'urar ba.
Na ce wa Othman ya ajiye min kujerar kusa da ƙofa ranar Alhamis.