Jininmu Ya Haɗu

Zuwa ga Yayana, Farfesa Sani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga wanta, ina roƙon Allah Ya sa kwanciyarka hutu ce. Na san ba a aika wa mutanen kabari wasiƙa, amma kai ka koya mini boko da gawayi a bangon soron gidanmu na Madabo, don haka kai ka jawo wa kanka.

An yi sadakar arba'in ɗinka, baƙi sun watse. Yaya, ban san girmanka ya kai haka ba sai da ka mutu. Motoci suka kasa shigowa lungunmu, manyan likitoci suna tattare riga suna tsallake kwata. Kowa ya zauna sai ya ce kai ka koyar da shi. Wani ya ce a da in yaro ya kamu da sankarar jini, maganin zazzaɓi ake ta ɗura masa har ya tafi, kai ne ka ƙare ƙuruciyarka a kan madubin likita har ka nuna musu yadda za a gane ta da wuri. Wani ya ce ana karanta bincikenka a jami'o'in da ko sunansu ban iya faɗa ba. Ni dai ina ta gyaɗa kai, ina tuna mutumin da har ya tsufa bai iya haɗa wa kansa shayi ba.

Sun tambaye ni me ya sa ka zaɓi jini, duk faɗin jikin ɗan Adam. Ashe ba ka taɓa ba su labarin Ɗanlami ba.

Ka tuna autanmu, a shekarun nan kafin a ba mu mulkin kai, kana makarantar Midil, ni ban fara ɗaura zane da kyau ba. Yaro kamar ɗan akuya, ba ya zama wuri ɗaya. In aka neme shi aka rasa, to yana gidan maƙwabciyarmu Ya Falmata, tsohuwar nan 'yar asalin Borno mai haɗa turaren wuta. Kullum zai dawo yana ƙamshi, kumatu cike da dakuwa. In Inna ta yi ƙorafin yana damun ta, sai tsohuwar ta yi dariya ta ce, “Ku bar mini shi, ni da yaron nan jininmu ya haɗu.”

Magana ce da kowa ke yi a kan wanda yake so. Mu ma dariya muke yi.

Sai yaro ya fara kwanciya da rana. Ya ɗashe, tafin hannunsa ya yi fari fat. Haɓo ba ya tsayawa, dasashinsa na jini ko tuwo ya ci. Aka kira wanzami ya yi masa ƙaho, jinin ya ƙi tsayawa har wanzamin ya tattara zabirarsa ya fice. Daga nan baƙaƙen tabo suka fito masa a damtse da cinya, ba wanda ya taɓa shi. Wata mata da ta zo dubiya ta kalli damtsen ta ce wannan ai shatin yatsu ne.

Kafin la'asar maganar Ya Falmata ta zaga unguwa, amma an juya ta. Wai da bakinta ta faɗa, tun tuni ta haɗa jininta da nasa. Wai mayya ce, ta kama kurwarsa.

Kana nan ranar da aka jawo ta tsakar gidanmu aka ce ta tsallaka shi ta sake shi. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, ba ɗankwali, tana tsallaka yaron da take goyawa, tana kuka tana kiran sunan Allah. Shi kuma yana miƙa mata hannu, don a zatonsa dakuwa ta kawo. Na ga ka juya ka kifa goshi a jikin bango. Bai kai wata Juma'ar ba Allah Ya karɓi abinsa.

Inna ba ta ƙara ambaton sunan Ya Falmata ba. Abin da take cewa kawai, in maye ya manta, uwar ɗa ba ta manta ba. Ba na ganin laifin Inna, ɗanta aka ɗauka a tabarma. Mata suka daina sayen turare, yara suna ganin tsohuwar suna tofar da yawu. Tsohuwar ta ɗauki 'yarta suka koma can wajen Ƙofar Dawanau. Ka kuma san yadda mutanenmu suke, sun ce maita a nono ake sha, don haka abin ya bi 'yarta, ya bi jikokinta. Ba mai cin abincin gidansu, kuma duk wanda ya zo neman aure sai an sami mai ja masa kunne.

Ranar da za ka hau jirgin ƙasa zuwa karatu ka ce mini, “Rabi, sai na gano abin da ya kashe yaron nan.” Kuma ka cika alkawari, wannan ba mai ƙwace maka shi. Da ka dawo hutu ka zaunar da ni a soro ka ce a cikin ɓargo ake ƙera jini, wani lokaci maƙerar ce ke lalacewa, ta yi ta fitar da abin da ba shi da amfani, sai jini ya dinga kwanciya ƙarƙashin fata. Ka ce kusan duk yaran da kake gani da irin tabon suke zuwa. Na yi tsalle na ce to tashi mu je ka faɗa wa Inna, ka faɗa wa liman, ka faɗa wa unguwa. Lokacin Ya Falmata na da rai.

Amsarka tana kunnena har gobe: “Ban ga jininsa a madubi ba. Ba na faɗin abin da ban gani ba.”

Yaya, nan ne na yi fushi da kai, kuma fushin bai gama sauka ba. Matar da ta ce shatin yatsu ne, wane madubi ta duba? Waɗanda suka cire wa tsohuwa ɗankwali, hujjar me suka jira? Ƙarya ta fito ba ko takalmi ta zaga Madabo a wuni ɗaya, gaskiyarka kuwa tana zaune tana jiran tabbaci har tsohuwa ta mutu, Inna ta mutu da abin a ranta. Na sake tuna maka, ka ce ba a tone-tone. Ka faɗa wa duniya da Turanci, ka kasa faɗa wa lungu ɗaya da Hausa.

Na sani, wannan halin naka shi ya kai ka inda ka kai. Ɗalibanka sun ce shi ya sa in ka ce abu kaza ne, ba mai sake dubawa. Na kuma gane, bayan na tsufa, cewa ba madubi kaɗai ya riƙe ka ba. Da ka faɗa, da ka ce wa mahaifiyarka ta zalunci baiwar Allah, kai kuma ba ka iya kallon hawayen Inna ba. Ka gudu cikin aiki, ka yi ta ceton 'ya'yan mutane ko za ka huce. Allah Ya sani, na ji tausayinka.

To bari in gaya maka abin da ya faru ranar sadakar uku. Wata ɗalibarka, babbar likita, ta shigo wajen mata. Ɗaki cike da tsofaffin unguwa da 'ya'yansu, sai na zayyana mata ciwon Ɗanlami tun daga haɓo har tabo, na ce ta faɗa mana mene ne. Ta ce Malam ya hana su yanke hukunci ba su ga jini ba. Na ce lallai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Amma ta ƙara da cewa, “Sai dai Hajiya, ko ban gani ba zan rantse, bakin mutum ko idonsa ba ya yi wa jini haka.” Ka ga, Yaya, wannan ɗin kaɗai muke nema a wurinka, kuma ba ya bukatar madubi.

Jiya na sa aka kai ni Ƙofar Dawanau, na nemi jikar Ya Falmata, Yagana. Ita ma ta yi furfura, har yanzu turare take haɗawa. Na zauna na kwashe duk bayanin ɓargo na faɗa mata, ina ji kamar na kawo mata kujerar Makka. Ta saurare ni har na gama, ba ta katse ni ba. Sannan ta ce, “Hajiya, ai mu mun sani tun ranar. Ku ne ba ku sani ba.”

Ta ce kakarta har ta rasu, duk Alhamis sai ta yi sadakar dakuwa da sunan Ɗanlami. Ta kawo mini abinci, na cinye tas tana kallona.

Allah Ya jiƙan ka, Yayana, Ya haskaka kabarinka da ladan kowane yaro da ya tashi ta dalilin iliminka. Allah Ya jiƙan Inna da Ɗanlami, Ya gafarta mana abin da muka faɗa da abin da muka ƙi faɗa. Allah Ya jiƙan Ya Falmata, Ya saka mata. In Ya haɗa ku, kada ka tsaya neman tabbaci, ka durƙusa ka gaishe ta, ka faɗa mata da Hausa.

Ƙanwarka da ta rage,
Rabi.